Sunan Wa Ke Cikin Kundi?

Wata ƙanwata tana da ƙaramar makarantar kuɗi a kudancin Kaduna, a ɗaya daga cikin unguwannin da ke bayan Barnawa. Shekarun baya ta ba wani matashi aikin buɗe wa makarantar shafi a intanet. Ya yi aikin, ta biya shi, aka buga adireshin a allon makaranta da takardun shiga da rasit, har da jikin motar ɗaukar yara. Ana nan ana nan sai suka sami saɓani a kan kuɗin wani aiki daban, yaron ya daina ɗaukar waya. Ba a yi wata huɗu ba shafin ya ɗauke, imel ɗin makaranta ya daina karɓar saƙo, a daidai lokacin da iyaye ke neman wa yara gurbi na sabuwar shekara. Da ta kira ni, abin da ta fara faɗa shi ne, "Yaya, ai nawa ne. Sunan makarantata ne, ni na biya kuɗin, ga rasit a hannuna." Na ce mata ta nemi a duba mata sunan da aka rubuta a rajista. Sunan yaron ne, da lambar wayarsa, da imel ɗinsa.

Babu abin da ta faɗa wanda ba gaskiya ba. Sai dai tsarin da adireshin intanet ke tafiya a kansa, abin da masu sana'ar ke kira domen, bai san allon makaranta ba, bai kuma san aljihun da kuɗi ya fito ba. Abin da ya sani layi ne ɗaya a cikin wani kundi, da sunan da ke kan layin, da ranar da wa'adinsa zai cika. Shi ma wanda ke kan layin, in aka bi diddigi, ba a taɓa ce masa ya mallaka ba. An ce masa ya riƙe zuwa rana kaza. Nijeriya kanta ta shafe shekara goma sha huɗu tana koyon wannan a kan nata sunan. Kuma ina ganin mutumin Kaduna zai fi kowa saurin fahimta, domin fiye da shekara ɗari ke nan yana zaune a kan irin wannan tsari, ko da bai lura ba.

Ƙasar da ba a saya

A 1907 Turawa suka turo Percy Girouard ya gaji Lugard a mulkin Arewa. Injiniyan jirgin ƙasa ne ɗan Kanada, kuma a zamaninsa aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911. Dogon nan ne ya haifi Kaduna. Inda ya tsallake kogi nan tasha ta zauna a gaɓar kudu, kafin a kwaso hedikwata daga Zungeru a 1917. Amma abin da Girouard ya bari wanda ya fi dogo tasiri a rayuwarmu ta yau shi ne ra'ayinsa game da ƙasa. Ba ya son a wayi gari wasu 'yan tsiraru sun saye filaye, sauran jama'a sun koma 'yan haya, darajar da ƙasa ta ƙara kuma ta tafi aljihunsu maimakon baitulmali. Wani kwamiti ya zauna a Landan a 1908, a 1910 kuma aka fitar da doka wadda ta ce ƙasar Arewa baki ɗaya, mai gini da marar gini, tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Iyakar abin da mutum zai samu shi ne iznin zama da aiki a kai, na wani wa'adi, bisa biyan haya.

Gwamnatin Sardauna ba ta rushe wannan ba, sabunta shi ta yi da dokar filaye ta 1962. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa ƙasar gaba ɗaya: filin kowace jiha yana hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da izni, sai da yardarsa za a sayar ko a jinginar, yana kuma iya soke iznin in buƙatar jama'a ta taso. In ya soke, diyyar abin da ka gina ko ka shuka za a biya ka.

Takardar da kowa ke kira C of O, mu a Hausa mun raɗa mata suna "takardar mallakar fili". Wannan fassara ta yi mana daɗi, amma ba abin da ke rubuce ba ne. Shaidar zama ce, mafi yawa ta shekara 99, da harajin fili a wuyan mai ita. Kakanninmu sun fi mu taka-tsantsan da kalmomi. Sun bambance gonar gado da ta saye, sun bambance aro da haya da jingina, kuma kowa ya san wanda aka ba aron gona, ko ya shekara ashirin yana noma ta, ba zai bar wa 'ya'yansa ita gado ba sai da yardar mai ita.

Manyan masaƙun da suka mai da Kakuri da Makera zuciyar masana'antun Arewa, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 har zuwa Arewa Textiles da United Nigerian Textiles a shekarun 1960, duk girmansu da dubban ma'aikatansu, abin da doka ta yarda su riƙe a ƙasar da suka yi gini a kai shi ne wannan izni. Duk wanda ya yi layi a ofishin KADGIS zamanin Nasir El-Rufai don sabunta takardarsa ya ga abin da ido: gida yana tsaye, mai gida yana ciki, amma hankalinsa bai kwanta ba sai da ya ga sunansa ya fito a sabon kundi.

Yadda aka fara rubuta sunaye

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da jerin lambobi da ake samunta da shi, suna kuwa sauƙi ne aka yi wa ɗan Adam. A farkon al'amari, lokacin da na'urorin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, akwai takarda guda ɗaya tak mai ɗauke da kowane suna da lambarsa, ana ajiye ta a wata cibiyar bincike a Kalifoniya, kowa ya kwafa. Da abin ya fi ƙarfin takarda ɗaya, sai Paul Mockapetris ya tsara sabuwar hanya a 1983: a raba kundin hawa-hawa. A can sama akwai tushe, wanda aikinsa kawai ya nuna wa ke riƙe da kundin .com, wa ke riƙe da na .org, wa ke riƙe da na kowace ƙasa. Kowane mai riƙe da kundi kuma shi ke rubuta sunayen da ke ƙarƙashinsa. An rubuta suna na farko a .com ranar 15 ga Maris 1985, wato symbolics.com.

Tushen nan ya daɗe a hannun mutum ɗaya, Jon Postel, wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Shi ne ya riƙa raba wa ƙasashe haruffa biyu-biyu, kuma don kada ya shiga rigimar wace ce ƙasa wace ce ba ƙasa ba, sai ya ɗauki jerin da hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta riga ta tsara. Ba gwamnatoci ya riƙa bai wa ba. Yawancinsu a lokacin ba su ma san da maganar ba. Wanda ya fara zuwa da alamar zai iya aikin, galibi malamin jami'a, shi ake damƙa wa. A watan Maris na 1994 ya rubuta ƙa'idojinsa a wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 1591, inda ya kira mai riƙe da sunan ƙasa amintacce mai riƙon amanar al'ummarsa, ya kuma ce maganar haƙƙi da mallaka ba ta da gurbi a nan, abin dubawa shi ne nauyi da hidima. Mai karatu zai ji ƙamshin dokar 1910 a ciki, ko da yake babu wata alaƙa tsakaninsu. Duk lokacin da abu ya kasance ɗaya ne tak, ba ya rabuwa, kuma kowa na buƙatarsa, masu tsarawa sukan faɗa kan dabara iri ɗaya.

Har zuwa 1995 kyauta ake rubuta suna. A shekarar ne kamfanin Network Solutions ya fara karɓar dala 100 na shekara biyu, daga nan kuma rigima ta fara, domin abin da ake biya wa kuɗi mutum yakan ɗauka ya saya. Postel ya rasu a Oktoban 1998, aikinsa ya koma hannun ICANN, wata ƙungiya mai zaman kanta da aka yi wa rajista a Kalifoniya a wannan shekara. Gwamnatin Amurka ta ci gaba da sa mata ido ta hanyar kwangila har zuwa 1 ga Oktoba 2016.

Nijeriya da haruffanta biyu

An shigar da .ng cikin tushe a watan Maris na 1995, zamanin Janar Abacha. Sunan da aka rubuta a matsayin mai kula da shi shi ne na Uwargida Ibukun Odusote, ma'aikaciya a Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas. Na'urar da ke ɗauke da kundin kuwa tana birnin Pisa na Italiya, a wata cibiyar bincike ta gwamnatin ƙasar, ƙarƙashin kulawar wani masani mai suna Abraham Gebrehiwot. Daga baya aikin na'urar ya koma hannun Randy Bush, Ba'amurke wanda ya taimaka wa ƙasashen Afirka da dama shiga intanet.

Akwai masu ba da wannan labari kamar an yi mana sata. Ban yarda da su ba. A ƙasar da layukan tarho ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan wayar salula a 2001, ga wutar NEPA da kowa ya san halinta, babu inda za a ajiye na'urar da ake so ta amsa tambaya dare da rana ba tsayawa. Waɗanda suka riƙe mana aikin alheri suka yi. Matsalar ita ce irin ta makarantar ƙanwata: an rubuta sunan wanda ya san aikin domin a ranar shi ne kawai ya sani, babu kuma wanda ya yi tunanin ranar da abin zai yi daraja.

Ranar ta zo a ƙarshen shekarun 1990. Wata ƙungiya mai suna Nigeria Internet Group ta tashi tana cewa ita ke wakiltar masu harkar intanet a ƙasar, don haka ita ta dace ta riƙe kundin. Aka shiga ja-in-ja na shekaru. A nan ne ƙa'idar Postel ta nuna ƙarfinta da rauninta lokaci guda. ICANN ba ta cire sunan mutum daga tushe don wani ya rubuto wasiƙa, ko da wasiƙar na ɗauke da tambarin ma'aikata. Abin da take nema shi ne 'yan ƙasar su daidaita tsakaninsu su kawo mata magana ɗaya. Wannan ne ya hana a yi wa kowa ƙwace, shi ne kuma ya sa muddin ana rigima komai ya tsaya cik. A tsawon shekarun nan bankuna da jaridu da kamfanonin Nijeriya suka yi ta kwarara zuwa .com, jami'an gwamnati kuma suka saba aika takardun hukuma ta Yahoo. Har yau ba mu gama biyan kuɗin wannan jinkiri ba. Duba katin kowane ɗan kasuwa da ya miƙa maka a Kaduna ka ga harafin da ke ƙarshen adireshinsa.

A farkon 2004 Shugaba Obasanjo ya tara masu rigimar ya raba gardama. Mutumin da ya sanya filayen ƙasa a hannun gwamnoni a 1978 shi ne ya zauna kan shari'ar sunan ƙasar bayan shekara 26, kuma hukuncin ya yi kama da na farko: .ng dukiyar al'umma ce, gwamnati za ta karɓa ta hannun hukumar NITDA, sannan a kafa ƙungiya ta masu ruwa da tsaki ta gudanar da shi. A wannan shekara aka sauya sunan da ke tushe zuwa NITDA. Ranar 23 ga Maris 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA, wadda Ndukwe Kalu ya fara shugabanta, sai a 2009 ne kuma ICANN ta amince a rubuta sunanta a tushe. Ita Uwargida Odusote ta ci gaba da aikin gwamnati har ta kai muƙamin babbar sakatariya.

A lura da abin da bai faru ba. Babu takardar da aka ba Nijeriya mai cewa ta mallaki .ng. Sunan da ke kan layi aka sauya, sau biyu. NiRA na riƙe da kundin, NITDA na sa mata ido bisa dokar 2007, kuma duk wani kdsg.gov.ng ko kasu.edu.ng layi ne a cikin kundin da shi kansa layi ne a wani kundin.

Ƙasar Mali ta nuna abin da ke faruwa in an ba da riƙon ga baƙo da kwangila. A 2013 aka damƙa gudanar da .ml ga wani ɗan kasuwa ɗan Holand, Johannes Zuurbier, na shekara goma. Da yake adireshin sojojin Amurka da .mil yake ƙarewa, duk wanda ya manta harafi ɗaya sai saƙonsa ya nufi Mali. Mutumin ya tara irin waɗannan saƙonni sama da dubu ɗari cikin 'yan watanni na 2023, yana ta gargaɗin Amurka cewa wa'adinsa na gab da cika, kundin kuma zai koma hannun gwamnatin Bamako mai ƙawance da Rasha. Wanda ke riƙe da kundi yana iya ganin abin da bai nema ba.

Abin da alƙalai suka ce

Kotuna ba su yi baki ɗaya ba. Kamfanin kayan wasanni na Umbro ya ci wani kamfanin Kanada a shari'a, ya nemi a ƙwace adireshin da kamfanin ya tara a yi gwanjonsu a biya shi. A shekarar 2000 kotun ƙoli ta jihar Virginia ta ƙi, ta ce abin da mai rajista ke da shi ya samo asali ne daga kwangilar hidima tsakaninsa da kamfanin rajista, ba a kuma kama hidima a yi gwanjonta kamar mota. Bayan shekara uku wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Kalifoniya ta bi wata hanya. Wani mai suna Gary Kremen ya yi rajistar wani adireshi a 1994, irin wanda ba sai na ambata a nan ba, wani ɗan damfara mai suna Stephen Cohen ya aika wa Network Solutions wasiƙar jabu, suka sauya suna ba tare da sun tuntuɓi mai shi ba. Cohen ya kwashi miliyoyi, kotu ta yanke masa biyan dala miliyan 65, ya tsere. A 2003 alƙali Alex Kozinski ya ce adireshi dukiya ce ko da ba a taɓa ta da hannu, kamfanin da ya miƙa ta ga ɓarawo kuma zai iya ɗaukar alhaki. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario a Kanada ta bi wannan ra'ayi a 2011. Da wasu da suka ci Iran da Siriya da Koriya ta Arewa a shari'a suka nemi a ƙwato musu .ir da .sy da .kp daga ICANN a matsayin diyya, kotun Amurka ta ƙi a 2014, aka kuma tabbatar da ƙin a 2016.

Wanda ya san C of O ba zai ga cin karo a nan ba. Iznin zama ba mallakar ƙasa ba ne, amma dukiya ne: ana sayar da shi, ana gadonsa, banki na karɓarsa jingina, wanda ya ƙwace maka shi da takardar jabu ɓarawo ne. Haka adireshi yake. Inda kamannin ya ƙare shi ne wajen tsanani. Takardar fili shekara 99 ce, adireshin .com kuwa iyakarsa shekara goma a biya ɗaya, mafi yawan mutane ma shekara ɗaya suke biya. Wanda ya yi jinkirin harajin fili zai sami wasiƙa, ya sami wanda zai roƙa, wataƙila ya sami kotu. Kundin intanet na'ura ce. In wa'adi ya cika akwai 'yan makonni na sassauci, waɗanda ba sa wuce kwana 45, sai kwana 30 na fansa da tara mai tsada, sai kwana biyar na jiran gogewa. Daga nan sunan ya koma kasuwa, akwai kuma kamfanonin da sana'arsu ke nan, su cafke shi cikin daƙiƙar da ya faɗo.

Akwai kuma maganar ƙasar da kundin yake. Kundin .com yana hannun kamfanin Verisign a jihar Virginia, don haka umarnin kotun Amurka na isa gare shi ko a ina mai rajista yake zaune. A watan Yuni na 2021 hukumomin Amurka suka ƙwace presstv.com na gidan talabijin ɗin Iran tare da wasu adireshi fiye da talatin, ba tare da sun taka ƙasar Iran ba. Tashar ta koma .ir. Makaranta a Narayi ko asibiti a Sabon Tasha ba su da abin tsoro daga wannan ɓangare, amma ma'aikatar gwamnati ko jarida ya kamata ta san a gonar wa ta yi shuka.

Saura hujjar ƙanwata ta farko, cewa sunan makarantarta ne. A Kakuri ma akwai darasin wannan. Tun 1975 ake haɗa motocin Peugeot a can, har 504 ta zama motar gwamnati da ta haya da ta kai amarya, mutanen Kaduna kuma suka ɗauki sunan kamar nasu. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, bashi ya kai kamfanin hannun AMCON a 2012, wani mai zuba jari ya saye shi a 2020. Amma da aka fara haɗa sababbin Peugeot a 2022, a wata sabuwar masana'anta ce a hanyar Abuja, wadda Dangote ya shiga haɗin gwiwarta. Ginin Kakuri na nan inda yake. Sunan da zakin da ke goshin mota na Faransa ne tun farko, suna kuma tafiya inda mai su ya ba da lasisi.

Kundi uku ne daban-daban, kowanne da ofishinsa. Rajistar kamfani tana hukumar CAC, rajistar tambarin kasuwanci tana ma'aikatar ciniki ta tarayya, adireshi kuma yana wurin NiRA ko Verisign. Samun ɗaya ba ya kawo sauran. Kundin adireshi ba ya tambayar takardar CAC kafin ya ba da suna a .com, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Hanyar da ICANN ta buɗe a 1999 don ƙwato suna daga 'yan kama-wuri-zauna tana neman mai ƙara ya tabbatar da abu uku tare: sunan ya yi daidai ko ya yi kama da tambarin da yake da haƙƙi a kai, wanda ya riƙe ba shi da wata halattacciyar alaƙa da sunan, kuma da mugun nufi ya yi rajistar yake kuma amfani da ita. Kuɗin shigar da ƙara a hukumar WIPO da ke Geneva yana farawa daga dala 1,500. Kamfanin Konga ya gwada a 2014, bayan Rocket Internet na Jamus, uwar gijiyar abokin hamayyarsa Jumia, ya yi rajistar sunan Konga a ƙasashen Afirka da dama. A shari'ar konga.sc an kori ƙarar tun a matakin farko, domin Konga bai gamsar da mai shari'a cewa yana da haƙƙin tambari a kan sunan ba. Kamfani mai tarin lauyoyi ke nan.

A gida, sashe na 25 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta ɗaukar sunan wani ko na kasuwancinsa da gangan a yi amfani da shi a intanet ba da izni ba don a hana mai shi, hukuncin kuma ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan biyar ba, ko duka biyun. NiRA ma tana da nata tsarin sasanta rikici a kan .ng. Sai dai waɗannan an yi su ne domin baƙon da ya kama maka suna. Yaron da ka aika da kanka, ka ba shi kuɗi ya yi rajista, shari'arsa ta wakilci ce: ka tabbatar cewa a madadinka ya yi, rasit da saƙonnin waya su zama shaida. Ana iya cin irin wannan shari'a. Tambayar ita ce ko za a gama ta kafin kwana 30 na fansa su ƙare, kowa kuma ya san tafiyar kotunanmu.

Ƙanwata ba ta je kotu ba. Da aka bincika, yaron bai sayar da adireshin ba, bai ma yi niyyar mugunta ba. Saƙonnin tunatarwa imel ɗinsa suke zuwa, yana fushi, ya ƙi buɗewa, wa'adi ya cika. Sunan yana cikin kwanakin fansa, saura ƙasa da mako biyu. Aka nemo wani kawunsa, aka zauna a falon gidan kawun bayan la'asar, aka fara da kuɗin da yaron ke bi, wanda ashe yana da gaskiya a kan rabinsa. Da aka biya shi ya buɗe kwamfutarsa a gaban kowa. Tarar fansa ta ninka kuɗin shekara sau da yawa, ita ta biya. Sannan aka goge sunansa aka rubuta sunan makarantar kamar yadda yake a takardar CAC, aka sa imel ɗin da ita da akawunta kaɗai ke da mabuɗinsa, aka bar yaron a gurbin mai kula da na'ura, wanda shi ne matsayinsa tun farko. Kamfanin rajistar ya kulle sunan na kwana 60 ba a iya mai da shi wani wuri, kamar yadda ƙa'ida ta tanada in an sauya mai riƙo.

Da na leƙa ofishinta a hutun da ya wuce, na ga ta biya shekara biyar gaba. Ta kuma rubuta ranar cikar wa'adin da jan biro a bangon fayil ɗin da take ajiye takardar filin makarantar, ƙasa da ranar biyan harajin fili.